Kallon 'Yar Fari

Da babbar sallar da ta wuce, ina kishingiɗe a rumfa ana suyar nama, na ji ɗaya daga cikin jikokina tana ba ƙawarta labarina. Wai Hajiya Malama gwamnati ce ta tura ta birni ta koyo maganar hannu, shi ya sa duk kuramen yankin nan suka san ta. Wai kuma tun tana da ƙuruciya zafi gare ta, har 'yarta ta ƙwace daga hannun surukarta. Na yi kamar barci nake, don in na tanka naman ne zai ƙone. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Zafi dai ina da shi, ban musa ba. Birni ma na je, sai dai na daɗe ina koyarwa a gindin darbejiyar tsakar gidanmu kafin wani mai ofis ya san da zamana, balle ya tura ni kwas. Batun ƙwace kuwa ba haka aka yi ba. Waɗanda suka gani da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni da Yayarku, ita kuma yarinya ce a lokacin, don haka gara in faɗa muku tun ina da sauran hankalina.

Yayarku ita ce 'yata ta fari. Ku na yanzu da kuke ɗaukar hoton ɗan fari a waya kuna nuna wa duniya ba za ku gane nauyin wannan ba. A ƙauyenmu, can gefen Zakirai, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta haɗa ido da shi. In ya faɗi yana kuka, sai ki kau da kai ki jira wata ta ɗaga shi, fuskarki kamar ba abin da ya faru. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita ake gane 'yar gidan mutunci. Mahaifiyata ta cusa mini ita har cikin ƙashi. Har yau bakina bai taɓa furta sunan Yayarku ba, kuma ba zan fara da alƙalami ba.

Ana yaye ta, Iya, mahaifiyar babanku, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta kamar yadda aka saba. Gida ɗaya muke, tukunya ɗaya, tsakar gida kawai ta raba ɗakina da nata. Iya doguwa ce siririya, mai son hira, in ta yi dariya har maƙwabta sai sun ji. Mijinta ya daɗe da rasuwa, idonta kuma ya fara yana, don haka yarinyar nan ta zame mata abokiyar hira, abokiyar cin tuwo, abokiyar kwana. Ta tashi ba ta san wata uwa ba sai Iya. Ni kuwa Amarya take ce mini, don haka ta ji Iya tana kirana. In zan aike ta sai in ce, "Ke, 'yar Iya, miƙo mini ludayi," idona yana kan murhu. Iya ta koya mata ladabi yadda ya kamata: babba in yana yi miki magana, ki durƙusa, ki sunkuyar da kai, kada ki kuskura ki kalli tsabar idonsa. Duk unguwa ana misali da ita.

Sai shekarun nan suka zo. Damina ta yi ta yaudarar mu, a yi shuka, gero ya fito ya yi kyau, ruwa ya ɗauke, a zuba ido har ya ƙone a tsaye. Gonakinmu dama ƙanana ne, kowa kafaɗa da kafaɗa da maƙwabcinsa, babu daji balle a ce a je neman abin kai wa baki. Rumbu ya zama wurin kwanan kaji, daga baya kajin ma suka ƙare. Mun ci tafasa, mun ci dusa, mun saba da garin rogo da da can muke yi wa kallon abincin baƙi. Babanku ya kai awakinsa kasuwar Gezawa ɗaya bayan ɗaya, da suka kusa ƙarewa ya bi maza zuwa birni yin dako, sai jifa-jifa yake leƙo mu. Muna cikin wannan hali, da bazara, sanƙarau ya shigo gari. Yayarku tana cikin famfara lokacin, ta kwanta da ciwon kai, kafin a ce me wuyanta ya sandare. Aka ɗora ta a jaki zuwa asibitin sha-ka-tafi, inda ake shimfiɗe marasa lafiya a gindin bishiyoyi don ɗaki ya cika. Iya ce ta bi ta. Ni ina goyon ƙaninta Sani, kuma ko ba goyo ba wurina ba ne. Na tsaya a bakin zaure ina kallon jakin har ya ɓace cikin gonaki.

Allah ya yi da sauran kwananta. Ta dawo ƙashi da fata, muka yi ta godiya, don gidaje da yawa ba su samu haka ba. Ba mu gane abin da ciwon ya tafi da shi ba sai wata safiya da take zaune kusa da Iya, ana hira, ta ja bakin zanenta.

"Iya, me ya sa kowa yake motsa baki ba ya magana?"

Iya ta ba ta amsa. Ta sake tambaya. Iya ta ɗaga murya, ta sake tambaya. Ina daka lokacin, na ji taɓarya ta yi mini nauyi a hannu.

Daga nan muka yi abin da duk gidan da aka samu kurma suke yi, muka shiga yi mata ihu. Ita kuwa me take gani? Manya a kanta, baki a buɗe, jijiyar wuya a tashe. Sai ta ɗauka faɗa ake yi mata, ta yi abin da aka koya mata, ta durƙusa ta sunkuyar da kai. Mu ƙara murya, ta ƙara sunkuyawa. Ladabin da muke alfahari da shi ya rufe mata ƙofar da ta rage, ba kuwa wanda ya lura. Ta yi ta magana ita kaɗai na wani lokaci, sannan kalmomin suka fara karyewa a bakinta, yara suka fara dariya, ta yi shiru. Ta koma zama a bayan rumbu. Aka fara cewa ciwon ya taɓa mata ƙwaƙwalwa, wasu suka ce iska ce. Wan babanku har ya kawo shawarar a riƙa rufe ta a ɗaki kada ta shiga duniya. Ina ji ina gani yarinya mai wayo tana nutsewa, kuma al'ada ba ta ba ni bakin cewa komai ba.

Akwai wata mata a unguwar da ke gaba da mu, Talatu mai daddawa, kurma ce tun haihuwa. Tana bin gidaje tana sayen kalwa, kuma kowa ya iya ɗan abin da zai yi ciniki da ita: kawo, ƙara, ya yi tsada. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ba ta tsoron kowa. Ranar da ta shigo gidanmu ta hango yarinya a bayan rumbu, ta ajiye ƙwaryarta ta je ta tsuguna a gabanta. Yayarku ta sunkuyar da kai. Talatu ta sa yatsa a ƙarƙashin haɓarta ta ɗaga. Ta sake sunkuyawa, ta sake ɗagawa, ta nuna idonta da yatsu biyu, wato nan za ki kalla. Sannan ta miƙe ta kwaikwayi akuyar maƙwabta da take leƙo kai ta danga tana satar dusa, har da yadda take tauna tana waige-waige. Yarinyar ta fashe da dariya. Rabon da mu ji wannan dariyar tun kafin ciwo. Iya da ke bakin ƙofarta ta ce, "Wa ya sa ta dariya? Allah ya yi masa albarka."

Talatu ta dawo, ta kuma dawowa, ba don kalwa ba. Amma ta nuna mana ƙarara cewa zuwanta ba zai isa ba, tana da nata gidan da sana'arta. Sai wani da yake kwana ya tashi da yarinyar ya koya. Iya ta ce ita za ta koya, ai 'yarta ce. Aka zaunar da ita a rana inda haske ya fi yawa, Talatu ta yi ta juya hannu a gaban fuskarta. Iya ta ƙanƙance ido, ta matso, ta ja baya, ta yi dariya tana cewa bebiyar nan ta cika sauri. Can dariyar ta ɗauke. Da Talatu ta tafi ta kira ni ɗakinta.

"Amarya, ni inuwa kawai nake gani. Saura ke."

"Iya, 'yar fari ce."

"Na sani. A gabana aka raɗa mata suna."

"Sai na kalle ta ido cikin ido fa. Abin ba ya yiwuwa a kaikaice."

"Ban ce dole ba," in ji ta. "Fuskarki ce za ta sha magana, ba tawa ba. Ki yi tunani."

Na yi kwanaki ina tunanin. Abin da ya yanke mini shi ne wata hantsi da na zagaya ɗebo kara, na tarar da ita ta riƙe fuskar ɗan akuya da hannu biyu, tana nuna masa idonta da yatsu kamar yadda Talatu ta yi mata. Ta rasa wanda zai kalle ta a gidan ubanta sai dabba. Na zubar da karan, na tsuguna, na ɗaga haɓarta. Ranar na fara sanin cewa idon mahaifina ne da ita sak, har da ɗan saukowar nan ta gefe. Ta dube ni da mamaki, ni ma na dube ta, ba mu da kalma ko ɗaya da za mu yi musaya.

Haka muka zama ɗalibai biyu a gaban Talatu. Ruwa, tuwo, zo, tafi, zafi, kasuwa, jiya, gobe. Ba ta da haƙuri ko kaɗan, in na yi kuskure sai ta buge mini hannu kamar yarinya. Ta nuna mana kowa yana da sunansa na hannu. Nata, a toshe hanci, saboda daddawa, kuma ita ta fi kowa dariyar abin. Nawa, a ja yatsa a tsakanin gira, saboda ɗaure fuskata, kuma da shi kuramen ƙasar nan suka san ni har gobe. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ashe hannu rabin maganar ne, sauran rabin a fuska yake. Tambaya sai an ɗaga gira, yawa sai an kumbura kumatu, ƙi sai an yatsine. Ku ƙiyasta matar aure a tsakar gida, da rana tsaka, tana kumbura wa 'yar farinta kumatu. Matan maƙwabta suka riƙa leƙowa ta danga. In na je gidan suna sai a ce, "Ina ƙawar taki, ba ki zo da ita ba?" a kwashe da dariya. Maganar ta yi tafiya har garinmu, sai ga mahaifiyata ta zo da ƙafarta.

"An ce kina zama gaba da gaba da yarinyar nan kina yi mata gwalo."

"Ba gwalo ba ne, Inna, magana ce."

"Yayanki har ya yi furfura ban san launin idonsa ba. Ni za ki ja wa zagi a bakin rijiya?"

"To wa zai yi mata magana, Inna?"

"Allah da ya toshe kunnen ya san yadda zai yi da ita."

Ta tashi ko ruwan da na kawo mata ba ta sha ba. Ta yi shekaru ba ta taka gidan nan ba, ko da na haihu sai dai ta aiko. Mun shirya daga baya, amma ba mu koma kamar da ba, kuma wannan ya yi mini ciwo har ta bar duniya. Ban ga laifinta ba, abin da ta gada ta riƙe. Babanku, Allah ya jiƙansa, da ya dawo ya tarar da mu a haka, sai bayan yini guda ya ce in nuna masa yadda ake cewa kin tashi lafiya.

Ba gidanmu kaɗai sanƙarau ya bar wa kurma ba. Matan nan da suke dariya, wasunsu suna da nasu a ɗaka. Da suka ga Yayarku ta fito daga bayan rumbu, tana zuwa aike, tana rigima da yara da hannu har tana cin galaba, sai aka fara turo mini yara a ɓoye. Na ce ban karɓar yaro shi kaɗai, sai da wani daga gidansu, don na ga abin da Talatu ta gani. Daga nan aikin ya samo asali, makaranta da albashi da maganar hannu ta boko duk daga baya suka biyo. Kuma duk tsawon shekarun da na yi ina koyarwa, darasina na farko bai taɓa canzawa ba: yaro ya ɗaga kai, babba ya yarda a kalle shi. Na sha fama da iyaye maza a kan wannan fiye da yadda na sha da yaran.

Amma ranar da nake so ku sani ta zo ne da kaka, a wannan shekara ta farko. An ɗan samu wake, muna zaune a rumfa muna ɓara, ni da Iya da Talatu da yarinyar, Sani yana rarrafe a tsakaninmu. Talatu ta ga dama ta koya mata dangi. Ta shafa haɓa kamar mai gemu, wato uba. Ta dafa ƙirji wajen nono, wato uwa. Ta nuna Sani, ta nuna ni, ta dafa ƙirji. Yayarku ta gane nan take, ta yi murna. Sai ta nuna kanta, ta nuna Iya, ta dafa ƙirji. Talatu ta girgiza kai. Ita ba ruwanta da kara, a wurinta kalma in ba daidai ba ce to ba daidai ba ce. Ta nuna Iya ta yi alamar tsohuwa mai dogara sanda, sannan ta nuna yarinyar, ta nuna ni, ta dafa ƙirji. Yarinyar ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne irin na akuya. Da ta ga Talatu ba ta dariya, sai ta juyo ta zuba mini ido, ta ɗaga gira.

Iya ta ji hannuwa sun daina ɓarar wake.

"Me ake cewa?"

Na ce, "Tambaya take wace ce uwarta."

Iya ta daɗe tana juya kwanson wake a hannunta. Da ta ce in ce ita ce, da na faɗa, kuma ba wanda zai ga laifinta. Ita ta yi raino, ita ta kwana a gindin bishiya tana jinya.

"Ki gaya mata gaskiya," in ji ta. "Mai kunne ko an ɓoye masa zai tsinta a bakin mutane. Ita abin da kika nuna mata shi ke nan abin da take da shi. Kada ki fara da ƙarya."

Na kalli yarinyar, na nuna ta, na nuna kaina, na dafa ƙirjina.

Ba ta rungume ni ba, kada ku zata. Ta dube ni, ta dubi Iya, sannan ta runtse idonta gam, ta lalubi cinyar Iya ta kifa kai. Kurma in ya rufe ido ba ta inda za ka same shi. Ta yi kwana da kwanaki a haka, in na tunkaro ta sai ta runtse ido, Talatu ma ta yi zuwa biyu ta koma ba a kalle ta ba. Ta liƙe wa Iya, amma su biyun ba mai iya gaya wa ɗaya komai. Na ce shi ke nan, na zubar da kunyata, na rasa mahaifiyata, ga shi yarinyar za ta koma bayan rumbu. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba.

Wata la'asar ina tankaɗe a ƙofar ɗakina, sai ga Iya ta fito daga nata. Ta naɗe 'yar tabarmar yarinyar ta saka a hammata, ɗaya hannun kuma ta riƙe yarinyar da shi. Ta ratso tsakar gida a hankali tana lalube da ƙafa. Na miƙe zan karɓe ta, ta ce in matsa. Ta shiga ɗakina da kanta, ta shimfiɗa tabarmar kusa da gadona, ta zaunar da yarinyar a kai. Yarinyar ta riƙe zanenta tana kuka, Iya ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Iya, ba sai an yi haka ba. Ki bar ta, za ta huce."

"In tana wurina ba za ta buɗe idon nan ba, tana ganin in ta kalle ki ta ci amanata. Kuma in ta tsorata a barci ba ta iya gaya mini, ni ban iya lallashinta. Riƙon me nake yi ke nan?" Ta gyara ɗankwalinta. "Da rana dai ki riƙa ara mini ita."

Ta juya. Na bi ta zan raka ta, ta ce in koma wurin 'yata, ta san hanyar ɗakinta. Shi ne karo na farko da wani ya kira ta 'yata a gabana. Na koma na zauna a ƙasa ina fuskantar yarinyar, ban taɓa ta ba, na jira. Sai da rana ta kusa faɗuwa ta buɗe ido.

Iya ta ƙara shekaru a duniya bayan wannan, ita kaɗai a ɗakinta, idon kuma ya ƙarasa rufewa. Ba ta taɓa ganin ko kalma ɗaya daga cikin hirar da ta buɗe mana ba. Mukan zauna kusa da ita, ni da Yayarku, hannu yana ta kai da komo, in abin dariya ya zo mu yi dariyarmu. Sai ta juyo da fuska ta ce, "Me ta ce? Amarya, me ta ce?" In fassara mata. Mu mun riga mun gama, sannan ita ta fara tata dariyar, ita kaɗai, da ƙarfi, har maƙwabta su ji. Allah ya jiƙan Talatu. Allah ya jiƙan Iya, ya haskaka kabarinta, ya buɗe mata idonta a inda take.